Filin Likitan Dabbobi: "Allura biyu na yi masa har da Flagyl, zawon bai tsaya ba"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda ruwa ya zauna a Gombe saƙonnin da ke shigowa kusan duk maganarsu ɗaya ce, zawon 'yan maruƙa, to na tsamo guda huɗu da suka fi kama da na saura, na ɗan datse tsawonsu saboda fili. Masu tambaya kan ciwon boru ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Likita dan Allah a taimaka min. Ina da 'yan shanun madara a bayan Dadin Kowa, kuros ɗin Firisiyan da Bunaji ne, duk ɗan maraƙin da aka haifa lafiya lau yake shan nono sai ya kai kamar kwana 8 zuwa 10 sai zawo ya ɓalle masa, tsararo ruwan ɗorawa babu jini. Na yi musu LA na yi Ivomec har Flagyl na jiƙa na ɗura, wlh biyu sun mutu yanzu na uku ya fara. Yaron da ke kula da su ya ce nono ne ya musu yawa shi ya sa muka daina barinsu su sha. Kuma fa kullum da Hypo ake wanke ɗakin. Meye matsalar?
(Daga wani mai kiwo, Dadin Kowa)

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin mu je ko'ina, yau ɗin nan ba gobe ba, a mayar wa na ukun nan da nononsa dan girman Allah. Wannan hana nono shi ya fi tsaya min a rai a duk saƙonka. Ɗan maraƙin kwana 10 ba shi da wani abinci a duniya sai nono, tumbinsa bai fara aiki ba, babu kitsen kirki a jikinsa, in zawo na zuƙe shi ta baya kai kuma ka toshe ta gaba ai yunwa ce za ta ƙarasa shi tun kafin cutar ta gama nata aikin.

Ni in aka kira ni kan zawo ba launin kashin nake fara tambaya ba, cewa nake kwanansa nawa da haihuwa. In cikin kwana 4 na farko ne galibi bakteriyar ikolai ce. Daga kwana 5 zuwa sati 3 kuwa lokacin ƙwayoyin bairos ne, wato rota da korona ta shanu, da kuma wata aba da muke kira kiriftosforidiyam, a taƙaice kirifto. Naka da suke faɗuwa a kwana 8 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki ɗaya, kuma duk maganin da ka zuba ya tashi a banza, gaskiya hankalina ya fi karkata kan kirifto, ko da yake sau da yawa tare suke zuwa da rota kuma gwajin kashi ne kaɗai zai raba gardama.

Ita wannan aba ba tsutsa ba ce, ba kuma bakteriya ba, halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya irin su ƙwayar maleriya, sai dai ita a hanji take zama. Shi ya sa Ivomec bai san da zamanta ba, shi na tsutsa ne da kaska da ƙwarƙwata, LA kuma na bakteriya ne. Flagyl ɗin ma ba ya taɓa ta, kuma a Turai da Amurka an hana ba wa dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta shi kwata-kwata, mu ne dai nan kowa da kemis ɗinsa a aljihu.

Cikin ƙaramin hanji akwai wasu 'yan gashi-gashi kamar na sabon tawul, su ke tsotse nono da ruwa su kai jini. To a kansu take maƙalewa ta yi ta hayayyafa har su guntule, sai nonon ya riƙa wucewa ba a tsotse shi ba yana kuma jan ruwan jiki yana fita da shi. Abin daɗin shi ne hanjin na sake tohowa da kansa, cikin sati ɗaya zuwa biyu yawanci zawon ya wuce in dai ɗan maraƙin na raye. Kenan aikinka duka shi ne ka riƙe shi da rai har zuwa lokacin, kuma da ruwa ake riƙe shi.

Je ka tsuguna gabansa yanzu. Ja fatar idonsa ta ƙasa, in ka ga rami tsakanin ƙwayar idon da fatar to ruwa ya yi ƙasa. Mintsini fatar wuyansa ka saki, mai lafiya take yanke take komawa, in ta tsaya a tsaye ka ƙirga ɗaya biyu uku huɗu ba ta kwanta ba to an fara nisa. Sai ka wanke hannu ka sa masa yatsu biyu a baki. In ya cafke yana tsotsa, bakin da ɗumi da yawu, alhamdulillah za a iya gyara shi ta baki. In kuwa bakin ya yi sanyi ƙarara, harshen ya saki, kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi, ya kwanta ya kasa tashi, kada ka ɗura masa komai da kwalba don ƙwarewa zai yi ruwan ya tafi huhu, wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake so, a sa shi a mota ko Keke a nufi asibitin dabbobi a ranar.

Wanda ke tsotsa a ba shi ruwan gishiri na 'yan maruƙa da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi, in babu ka haɗa: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce ya rage ɗumi, gishiri ƙaramin cokali 1 a shafe, bekin soda rabin ƙaramin cokali, garin gulukos babban cokali 2. Gulukos fa na ce ba sukari ba, ƙaramin maraƙi cikinsa bai iya narka sukarin shayi ba, ƙara masa zawon zai yi. Kanwa ma kada a ce ta maye gurbin soda, don ba ka san ƙarfin wadda ke hannunka ba. A ba shi lita 1 zuwa 1 da rabi a kowane zama gwargwadon girmansa, sau 2 ko 3 a yini, a tsakanin shan nono, a bar tazarar kamar awa 2 saboda sodar na hana nono daskarewa a ciki yadda ya kamata. Nono da safe, ruwa da hantsi, nono da azahar, ruwa da la'asar, haka haka har dare. Wahala ce kam, amma ta fi haƙa rami.

Sai maganar Hypo, a nan ne mutane da yawa ke mamaki. Ƙwan wannan cuta yana da ɓawo mai tauri da bilicin ba ya ratsawa a irin haɗin da muke yi, kuma maraƙi ɗaya mai zawo yana zubar da biliyoyinsu kafin ya warke, alhali 'yan kaɗan sun isa su kama sabon haihuwa, kuma daga fitowarsu a shirye suke ba sa jiran komai. A wuri mai laima da inuwa sai su yi watanni da ransu. To kaga wankin kullum ɗin nan da kuke yi, in ɗakin ba ya bushewa, raba cutar kuke lungu-lungu da tsintsiya. Abin da ke kashe su zafi ne da bushewa. A kankare kashin tas, a kwarara tafasasshen ruwa a daɓe da bango har iya inda bakinsu ke kaiwa, a buɗe ɗakin rana ta gasa shi kwanaki babu kowa ciki. Sabon haihuwa a kai shi wani wuri daban da mai zawo bai taɓa kwana ba, a zuba masa busasshen buntun shinkafa mai kauri tunda ku a Dadin Kowa ba ku rasa shi ba, bokitinsa daban, kuma yaron ya riƙa fara ba wa ƙanana masu lafiya kafin ya je kan marasa lafiya, da takalmin ruwan da zai bari a can.

Akwai magani guda da aka yi dominta, halofujinon, ana ba da shi ta baki sau ɗaya a rana har kwana 7, ko dai a fara cikin kwana 2 da haihuwa a gonar da aka tabbatar cutar na nan, ko cikin awa 24 da fara zawo. Rage ta yake ba kawar da ita ba, ba kowane shago ke ajiye shi ba, kuma ba shi da wasa, ninka awo kaɗai ya isa ya zama guba, ba a ba wa wanda ruwan jikinsa ya ƙare ko wanda cikinsa ba komai. Kada ka saya sai likita ya auna maraƙin ya rubuta maka.

Na ƙarshe, dakashi. Kuros ɗin nan wani lokaci a kan raba su da uwa da wuri, to a tabbatar ya sha dakashi ya ƙoshi cikin awa 6 na farko, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, don bayan awa 24 hanjin ya rufe ƙofar ɗaukar garkuwar da ke ciki. Ba zai hana kirifto shiga gaba ɗaya ba amma zai rage masa taron dangin rota da ikolai.

TAMBAYA: Likita ina wuni, saƙon Baffana ne na rubuta masa, muna wajen Dukku kusa da Wawa-Zange. Maruƙanmu 'yan wata 2 zuwa 3 guda huɗu suna kashin jini da majina, suna ta yunƙuri har ɗaya bayansa ya fito. Baffa ya ce tun da aka kawo kaji gidan abin ya fara, wai daga kaji suka ɗauka? Kuma wani ya ce mu ba su maganin kashin jinin kaji, ya halatta?
(Daga wani ɗalibi, Dukku)

AMSA: Lafiya lau ɗan'uwa, ka gaishe min da Baffa da kyau, ka ce masa kajin nan a sake su ba su da laifi. Cutar da yake zargi gaskiya ita ce, koksidiya, irin wadda masu kaji ke ce wa koksi, amma kowace dabba da tata, ta kaji ba ta zama a hanjin saniya, ta awaki ma haka. Na shanu da suka fi ɓarna su biyu ne, a littafi Eimeria bovis da Eimeria zuernii, kuma daga kashin shanun gidan suka fito, don manya na ɗauke da su kaɗan-kaɗan ba tare da sun nuna komai ba.

Ka tambayi Baffa wannan, yaushe rabon da a tashi dangwali, wato igiyar da ake ɗaure maruƙa, daga inda yake? Don na san yadda abin yake, an kafa turaku tun farkon damina a ƙarƙashin bishiya, maruƙa goma a jere wuya da wuya, ruwan Agusta ya sauka ƙasa ta zama taɓo da kashi, a nan suke kwana, su tashi su lashe jikinsu su lashe na kusa, sannan a sake su su kama hantsar da ita ma ta kwana cikin caɓi. Ƙwan koksidiya in ya fito cikin kashi bai iya kama kowa nan take ba sai ya samu 'yan kwanaki cikin laima da ɗumi ya nuna, daminarmu kuwa ta ba shi duka biyun. In maraƙi ya haɗiya sai ya yi wajen sati 2 zuwa 3 yana aiki a ɓoye kafin jini ya bayyana, shi ya sa da wuya a ga wannan ciwo a ɗan ƙasa da sati 3, shi ya sa kuma kuka ɗora wa kaji, abin da ya faru a makon kawai aka tuna. Ranar da kuka ga jini ɓarnar ta riga ta auku a babban hanji.

Saboda haka ba huɗun nan kaɗai za a yi wa magani ba, duk sa'o'insu da ke igiya ɗaya da su a haɗa, su ne ma maganin zai fi amfana. Maganin kajin da aka faɗa muku in amfuroliyam ne e yana yi, awonsa miligiram 10 a kowane kilo na nauyin jiki, kullum har kwana 5, wato maraƙi mai kilo 40 in garin mai ƙarfin kashi 20 ne giram 2 kenan a rana, a dama da ruwa a ba kowanne a baki ba a zuba a kwami ba, don mara lafiya shi ne ba zai sha ba. Amma a karanta jikin ledar, wasu haɗe suke da wasu magunguna kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma kada a ce bari a ƙara don ya yi sauri, yawansa na hana jiki sinadarin bitamin B1 har maraƙi ya makance ya riƙa sanƙarewa. Nauyi kuma ba da ido ba, ku ari sikelin 'yan hatsi ku rataya shi cikin buhu. Akwai salfadimidin shi ma tsohon magani ne mai aiki sai dai yana son dabba ta sha ruwa sosai saboda ƙoda, akwai kuma toltarazuril da ake bayarwa sau ɗaya tak in an samu. Ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma zai zaɓa muku wanda ke kusa.

Wanda bayansa ya fito a wanke da ruwan ɗumi mai tsabta, a rufe da tsumma mai laima kada ƙuda da kaji su taɓa, a kira mai aikin ya mayar ya ɗinke, ba a kwana da shi. In kun ga wani na karkarwa ko faɗuwa kamar farfaɗiya, ita ma koksidiyar kan yi haka wani lokaci, gaggawa ce.

Dangwali kuma a mayar da shi kan tudu inda rana ke bugawa, a riƙa matsar da shi duk bayan 'yan kwanaki kafin ƙwan ya nuna, ƙanana a gefe guda manya a gefe guda. Baffa ya fi ni sanin cewa Bunaji in ɗanta ya mutu da ƙyar take sakin nono, to asarar ba ta maraƙi kaɗai ba ce har da ƙwaryar su Inna.

Wani abu tunda ƙasarmu ta masu dawaki ce, akwai abincin dabbobi da ake haɗawa da monensin don rigakafin wannan cuta, in kun taɓa sayen irinsa ko kusa kada doki ya ci, kashe shi yake.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Muna da saniya ɗaya a gida a Bajoga, ɗanta na sati 2 yana zawo, yarana su ke wasa da shi su share wurin, yanzu ƙaramin mai shekara 2 da yayarsa duk suna gudawa kwana biyar kenan. Kishiyata ta ce haƙori ne. Ko daga maraƙin ne? Kuma mu daina shan nonon?
(Daga wata uwa, Bajoga)

AMSA: Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba su lafiya. Haƙori dai ba ya kama yara biyu lokaci guda har da babba. Gudawar kwana biyar a ɗan shekara 2 ba ta zaman gida ba ce, ki kai su asibiti yau, ki fara ba su ORS tun a hanya, za su haɗa miki da zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma ki buɗe baki ki gaya wa likitan cewa akwai maraƙi mai zawo a gidan, don ba kowane gwajin bayan gida ke nuna wannan ƙwaya ba sai an nema ta musamman.

E, tana iya yiwuwa daga shi ne. Cikin cututtukan nan kirifto irin ta ƙananan maruƙa ita ce ke tsallakawa kan mutum, koksidiyar shanu ba ta yi. Yaro ya shafa gindin maraƙi ko igiyarsa ko ya taka kashin, ya zo ya sa hannu a kwano, shikenan. Amma kada a yanke wa maraƙin hukunci shi kaɗai, akwai irin da ke yawo tsakanin mutum da mutum ta ruwan sha da bayan gida ba ruwanta da dabba. Wani babban bincike da aka fitar a 2013, wanda aka yi a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya har da Mali da Gambiya, ya sa ta a sahun gaba cikin masu jawo gudawa mai tsanani ga jarirai, tana bin bayan rota. Mai ƙarfi kan warware cikin sati ɗaya ko biyu, amma yaro mai tamowa da mai cutar ƙanjamau da duk wanda garkuwarsa ta yi rauni tana iya kai su ƙasa.

Ki raba yaran da wurin har maraƙin ya warke da sati biyu, babba ya riƙa shara, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, sanitaiza ba ta kashe ta. Ruwan sha a tafasa, musamman in rijiyar na kusa da turken. Nono kuma ba sai kun daina ba, ƙwayar ba daga cikin hantsa take fitowa ba, wajen tatsa take faɗawa daga kashi da hannu da bakin maraƙin da aka sa ya fara tsotsa. A wanke hantsa a goge, a tafasa madarar kafin a sha ko a kwantar da kindirmo, kinga da haka kin huta har da bakkale, wato ciwon da ke sa shanu ɓari, da tarin tibi na shanu.

TAMBAYA: Dakta nawa ba ya zawo sosai, kashin ne dai caɓa-caɓa da majina yau ya tsaya gobe ya dawo, watansa 2 amma ya ƙi girma gashi duk ya tashi. Yaya ake kai kashi gwaji?
(Daga Kumo)

AMSA: Malam irin wannan na je-ka-ka-dawo yakan zama jiyadiya, ita ma halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya irin su kirifto da koksidiya, ita ba ta cika kisa ba sai dai tsumburarwa, ko koksidiya mai sauƙi da ba ta kai ga jini ba, ko kuma doguwar farar tsutsar nan da maruƙa ke samu ta nonon uwa. In jiyadiya ce fenbendazol ko albendazol na yi mata, amma na kwana 3 a jere ba ɗuri ɗaya irin na tsutsa ba, kuma in ya koma shan ruwan kududdufin da garke ke shiga za ta dawo.

Gwajin ba wuya. Kada ka kwaso na ƙasa da ya sha rana, ka sa leda a hannu ka tari sabo yana fitowa, kamar cikin babban cokali 2, ka juya ledar ka ɗaure, ka sa a kula da ƙanƙara amma kada ya daskare, ka kai asibitin dabbobi na Gombe a ranar, abin da ya fi ƙarfinsu su san yadda za su tura cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato. Ka ce a duba ƙwan koksidiya da na tsutsa da jiyadiya, in kuma akwai 'yan ƙasa da wata ɗaya ka roƙa a yi rinin kirifto, irin rinin da ake wa majinar masu tarin tibi ne aka ɗan sauya. Jiyadiya ba kullum take fita a kashi ba, don haka ka ɗebo na maruƙa uku ko huɗu har da masu kama da lafiya, kowanne ledarsa daban, ka rubuta kwanakin haihuwar kowanne a jiki da maganin da ka riga ka ba shi.